Sharhabilu Mai Rediyo, Wanda Ya Raba Jitata da Ƙara

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. A ranar Juma'a, takwas ga watan Afrilu na 1977, cikin watan Rabi'ul Akhir, Allah ya karɓi ran Malam Sharhabilu Mai Rediyo na unguwar Sabon Gari a Wudil, bayan gajeriyar jinya ta ciwon sanƙarau. Ya cika a kan gadar Wudil, ana ƙoƙarin kai shi asibiti a Kano. An yi masa sutura a yammacin wannan rana bayan sallar la'asar. Ya bar mahaifiyarsa Inna Hansai, da matarsa Lubabatu, da 'ya'ya mata biyu, da ƙaninsa Ƙasimu.

Ni sunana Isyaku, mutumin Utai, malamin gona ne a nan Wudil, kuma ni ne mai kaɗa jita a 'yar ƙungiyar kiɗan nan da ake kira 'Yan Bakin Kogi. Ba mu haɗa jini da mamacin ba, ba kuma tare muka tashi ba. Waya da dalma ne suka haɗa mu. Amma tun ranar da aka binne shi na kasa zama na kasa tashi, kuma ba ni da abin da zan iya yi masa sai addu'a da wannan rubutu.

Yaya Sharhabilu, bari in fara daga yadda na zo gare ka.

Shekarar da aka ba ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, kowa a ofishinmu ya ruɗe da saye-saye. Wani ya sayi babur, wani ya sayi firiji alhali ko wuta babu a gidansa. Ni kuwa na hau mota na tafi Kano, na tarar da wasu makaɗa 'yan kudu da ƙungiyarsu ta watse suna sayar da kayansu. Na kwaso jitar lantarki da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da lasifika, da wasu 'yan akwatunan ƙarfe guda uku da ake jerawa a ƙasa ana takawa da ƙafa, waɗanda makaɗa ke kira feda. Ɗaya tana sa jita gurnani. Ɗaya tana sa ta amsa-kuwwa, kamar an yi kira a cikin rijiya. Ta ukun kuwa tana sa ta kuka irin na jariri, wa-wa-wa. Na dawo Wudil ina jin duk ƙasar Kano babu kamata.

Ba a daɗe ba aka gayyace mu bikin wani malamin firamare a Indabo. Muka kafa kaya a ƙofar gida bayan la'asar, aka ta da janareta, mata suka cika fili. Waƙa ta yi daɗi, na ɗaga ƙafa na taka fedar gurnani. Sai lasifika ta yi tau! kamar an harba bindigar toka. Awakin da ke ɗaure a gindin bango suka tsinke, jarirai suka ɗauki kuka. Na sake takawa don in kashe ta, ta sake yin tau! Kakar amarya ta leƙo daga zaure ta ce, "Ɗan nan, kiɗa aka kira ku yi ko korar tsuntsaye?" Fili ya kwashe da dariya. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, in ban taka komai ba, sautin jitar sai ya fito a ramamme, a dushe, kamar mai magana da bargo a baki. Gangar Bilya, makaɗinmu, ta haɗiye shi gaba ɗaya. Na bayan fili suka ce hannuna kawai suka ga yana motsi.

Bilya ne ya ce in kawo maka. Na ce masa mai gyaran rediyo ina ruwansa da jita. Ya ce in dai akwai waya a ciki, akwai ruwanka.

Ina tuna rumfarka ta kwano a bayan tashar mota kamar yau. Kantoci cike da rediyoyin mutane, wasu masu rai wasu matattu. Risho a gefe, ƙarfen narka dalma a kansa, ga warin ƙaron da ake liƙin dalma da shi ya cika wurin. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ka tambayi Utai da mutanen Utai, ka tambayi gonakin fadama, sannan ka dubi kayan da na zube maka.

Ka ce, "Malam Isyaku, ni ban san jita ba. Ban taɓa riƙe ta ba. Amma na san waya. Haɗa, ka taka mu ji."

Na taka, ta yi tau. Maƙwabcinka mai faci ya zabura. Kai ko gezau ba ka yi ba, sai ka karkata kai ka ce in sake. Na yi ta takawa har ƙafata ta gaji, kana sauraro ido a rufe. Can ka ce in bar maka su, ba ka yi alkawarin komai ba.

Ba a yini ɗaya ka gane kansu ba, kuma ba ka ɓoye mini hakan ba. Duk ranar da na taso daga ofis nakan biyo, in tarar ka buɗe cikin wata feda kana binta da ido kamar mai duban hanjin kaza. Akwai ranar da na zo ka ce mini, "Yau na ƙona maka abu ɗaya. Na maye shi da wani, amma gara ka sani." Da ka yi shiru, har abada ba zan sani ba.

Ranar da ka gano ciwon, da harshen aikina ka yi mini bayani. Ka ce, "Kai malamin gona ne. In ka datse ruwa a lambu ya taru, sannan ka fasa datsin gaba ɗaya, me zai faru?" Na ce zai ɓalle ya kwashe shuka. Ka nuna mini wani ɗan ƙulli a cikin fedar, ka ce sunansa kwandansa, a nan wuta ke taruwa tun fedar tana kashe, in na taka makunni sai ta ɓalle gaba ɗaya ta faɗa lasifika. Wannan ɓallewar ita ce tau ɗin da ta kunyata ni a Indabo. Maganinta kuwa a yi wa wutar 'yar kafa da za ta riƙa tsiyayewa zuwa ƙasa a hankali, kada ta taru. Ka ciro wani ɗan siririn abu mai zanen launi daga cikin mataccen rediyo, wanda kuke kira rezista, ka liƙa shi da dalma. Na taka, shiru. Na yi tsalle. Na kaɗa jita, ita ma kusan shiru. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce kafar ta yi faɗi, ta tsiyaye har da kiɗan. Ka yi ta canzawa, wannan ya yi yawa wancan ya yi kaɗan, har ka dace da wanda ya tafi da ƙarar ya bar mini sautina.

Biyu suka ji magani. Ta ukun, mai wa-wa, ita ce ta ƙi. Ka raɗa mata suna Wawa, ka ce sunanta ya bi ta. Makunninta ne ya cinye, kuma ba a samun irinsa ko a Kano. Ka kwance shi, ka goge da sifirit, ka tanƙwara ƙarfen cikinsa, ƙarar ta ragu ta koma ɗan ƙas, amma ba ta mutu ba. Ka zauna kana kallonta. Sannan ka ce, "Wannan ta fi ƙarfina. Amma in Bilya ya buga ganga, wa zai ji ƙas? Ka daina taka ta a sarari. Ka jira dukansa, ka taka tare da shi." Tun daga ranar nake taka Wawa a kan dukan ganga, kuma babu wanda ya taɓa jin ta. Mutane suna yaba mini cewa ƙafata ta san kiɗa. Ba su san mai rediyo ne ya koya mata ba.

Sai maganar ramewar sauti. Ni na ɗauka jitar ce ba ta da kyau, har na fara tunanin an cuce ni. Ba ka yi mini gardama ba. Ka ɗauko wata gajeriyar waya, ka haɗa jitar kai tsaye da amfilifaya, ka ce in kaɗa. Wallahi sai da na dubi hannuna. Sauti ya fito garau, mai kaifi, kamar ba jitata ba. Ka mayar da ita ta cikin fedoji uku da doguwar wayar nan da na saya don in riƙa shiga cikin taro ina taƙama, sai ya koma a dushe kamar da. Ka ce abin kamar saniya ce a kara ranar Juma'a: in ta bi hannun dillalai uku kafin ta kai ga mai saye, kowa sai ya ɗan ciji nasa, ko da bai yi aikin komai ba. Kowace feda tana cizon sautin ko tana kashe, doguwar waya kuma ta lashe abin da ya rage.

Ka yanke wayoyin da ke tsakanin fedojin suka koma kamar tsawon tafin hannu. Ka sa kafinta ya yanko allo, ka kafe su a kai don kada su riƙa ja da juna. Ka yi mini wani makunni guda wanda in na taka shi sauti zai tsallake su duka ya wuce abinsa. Sannan ka yi abin da har gobe nake nuna wa mutane: ka ɗauki gwangwanin kifi, ka wanke, ka harhaɗa taransisto ɗaya da batir a ciki, ka ajiye shi a farkon layi, daf da jita. Na tambaye ka ko ƙara ƙarfi yake yi. Ka ce a'a, ba ya ƙara komai, riƙe wa sautin hannu kawai yake yi ya ratsa dillalan nan da doguwar waya bai galabaita ba. Ka kira shi ɗan rakiya. Na so ka rage mini doguwar wayar ma, ka ce a bar ta, ka ga ina son shiga cikin mutane, kuma ba laifi ba ne.

Akwai kuma ƙugin da janareta ke jefawa cikin lasifika a ƙauyuka, wani zuuu mara yankewa da ke sa haƙora tsami. Ka hana ni shimfiɗa wayar jita gefe da gefe da wayar wuta, ka ce in dole su haɗu to su gicciye juna su wuce. Ka sa maƙeri ya yi mini sandar ƙarfe, ka ce duk inda muka sauka in kafa ta a ƙasa, in ɗaura mata waya daga jikin amfilifaya, in rani ne in zuba mata bokitin ruwa da ɗan gishiri. Yaran ƙauye har sun saba, da sun ga motarmu sai su ce ga masu shayar da ƙarfe sun zo.

A cikin wannan zirga-zirga ne na daina ce maka Malam na koma ce maka Yaya, ban ma san ranar da abin ya faru ba. Lubabatu ta fara aiko da kwanon abinci na mutum biyu zuwa rumfa. Inna Hansai ta fara tambayata in ta kwana biyu ba ta ji muryata a zaure ba.

Kai ba ma'abocin kiɗa ba ne. Ban taɓa ganin ka taka rawa ba, ban taɓa jin ka rera waƙa ba. Amma in muna da wasa da yamma a kusa, sai ka rufe rumfa ka hau kekenka ka biyo mu. Ba ka zuwa gaba. Can ƙarshen fili kake tsayawa, inda sauti ke mutuwa, in ka ji ya kai sai ka taɓa hularka, in bai kai ba sai ka cire ta. Da hularka nake gyara amfilifaya. Na san an yi maganarka a gari, cewa mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci me ya kai shi bin 'yan jita. Na taɓa kawo maka zancen cikin jin nauyi. Ka ce, "Aikin da na yi nake bi in ji ko ya yi. Mai gini ma yakan koma ya duba bangonsa in an yi ruwa." 

Wani alherinka ya shiga har cikin gidanmu. Mahaifina a Utai bai taɓa furta kalmar jita da bakinsa ba. "Abin nan naka" yake cewa, kuma in ya faɗa sai ya kau da kai. A wannan lokacin wani ɗan garin da ya samu a kwangila ya sayo wa masallacin Utai lasifika. Kullum in ladan, tsoho Malam Wali, ya kunna ta sai ta yi tau kafin ya ce Allahu Akbar, har ya fara jin tsoron taɓa ta, ya koma kiran salla da bakinsa ga na'ura a rataye. Na faɗa maka a hira kawai. Ranar Lahadi sai ga ka a Utai da jakar kayan aiki a bayan keke. Kafin azahar ka gama. Malam Wali ya kunna yana runtse ido, bai ji komai ba sai numfashinsa, ya ɗaga murya ta kai har gonakin bayan gari. Mahaifina yana cikin dattawan da ke zaune. Ya tambaye ka a ina ka koyi wannan. Ka durƙusa ka ce, "A jikin abin nan na Isyaku, Baba. Ciwonsu ɗaya." Tsohon ya shafa gemu, ya ce, "Ashe yana da ranarsa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma tun daga ranar in na je gida yakan tambaye ni ina muka yi wasa, ko an tashi lafiya. Kai ka san me ka yi, ko da yake ba mu taɓa zancen ba.

Waɗannan shekaru na kuɗin man fetur ba su yi wa sana'arka daɗi ba. Mutane sun daina gyara, saye suke yi. Rediyo ya yi tari, sai a jefar a sayo mai kaset. Kai kuwa kana bi kana tsince su, kana gyara masu gyaruwa. Na sha ganin ka miƙa wa wani tsoho daga Indabo ko wata gwauruwa irin wannan rediyo, musamman lokacin aikin hajji da kowa ke son jin gaisuwar alhazai, ka ce ai dama a yashe yake. An yi maka tayin aiki a wani babban kantin kayan lantarki a Kano, da ɗaki da babur. Ka ce Inna ba za ta iya zaman birni ba, kai kuma ba za ka iya kwana a garin da ba ta ciki ba.

A farkon bazarar bana wani gidan rediyo a Kano ya aiko yana son ɗaukar kiɗanmu. Ba mu taɓa shiga irin wannan wuri ba. Mu muna murna, kai kana damuwa. Ka ce a ɗakin ɗaukar murya babu hayaniyar biki da za ta rufa mana asiri, ko ƙas ɗin Wawa sai an ji, kuma abin da aka ɗauka ya zauna ke nan. Ka fara haɗa mini sabon allo tun daga tushe, da sabuwar dabara da ka ce za ta sa sauti ya riƙa shiga feda a hankali maimakon ya faɗa kwatsam. Kana cikin wannan aikin ciwo ya zo.

Kowa ya san irin zafin da aka yi bana. Sanƙarau ya riga ya ɗauki mutane a ƙauyukan gefenmu, muna jin labari muna cewa Allah ya kiyaye. Ranar Laraba na biyo rumfa na tarar ka sauke labule, ka kashe rediyon nan da kullum yake kunne a kan kanta. Ban taɓa shiga rumfarka na ji ta shiru ba sai ranar. Ka ce kanka ke sara, rana ce ta buge ka. Na ce ka je gida ka kwanta, ka ce bari ka liƙa waya ɗaya tukuna. Ranar Alhamis wuyanka ya sandare, ga amai, ga zazzaɓi kamar garwashi. Malamin asibiti ya zo gida ya yi maka allura, ya ja ni gefe ya ce wannan ya wuce abin da ke hannunsa, a kai ka Kano, kada a ɓata lokaci.

Da hantsin Juma'a muka shimfiɗa maka katifa a bayan a-kori-kurar Bilya. Inna Hansai ta ce ƙafarta ƙafarka, ta hau ta ɗora kanka a cinyarta. Ni da Ƙasimu muka riƙe zani a kanka saboda haske na soka maka ido. Lubabatu ta tsaya a bakin zaure da yaran.

Mun manta, ko ba mu manta ba amma ba mu da zaɓi, cewa Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Muna isa bakin gada muka tarar da ita a toshe. Wata tirelar siminti ta karye a tsakiya, motocin shanu sun taho ta nan, tankokin mai sun taho ta can, kowa ya kutsa kai har babu inda allura za ta faɗi. Kafin Bilya ya yi tunanin juyawa an rufe mu ta baya. Gaba babu hanya, baya babu hanya.

Muka ce to a ɗauke ka a ƙafa a tsallaka, a nemi wata motar a wancan ƙetaren. Wani mai shayi ya kwashe kofunansa ya ba mu bencinsa, wasu 'yan dako biyu da ba mu san su ba suka ajiye kayansu suka kama mana. Duk taku ɗaya sai ka yi nishin da har yau nake ji a kunnena. Muka ratsa tsakanin motoci har muka kai wurin tirelar, sai muka tarar 'yar hanyar da ta rage a gefenta garken shanu ya cika ta, an koro su daga can sun cushe, sun kasa gaba sun kasa baya, ƙahonni sun sarƙe. Muka sauke ka a jikin ƙarfen gada.

Direbobi kuwa kowa ya danne oda. Manyan motoci, ƙanana, babura, duk a lokaci guda, ga kukan shanu, ga ihun makiyaya. Ka buɗe ido ka neme ni. Na sunkuya. Ka ce, "Isyaku, a rage ƙarar nan. Don Allah a rage."

Yaya, na tashi da gudu. Na bi motoci ɗaya bayan ɗaya ina dukan ƙofa, ina ɗaga hannu, ina cewa akwai mara lafiya, don girman Allah ku saki oda. Wani ya saki, na bayansa ya danna. Wani bai ma ji abin da nake faɗa ba, ya ɗauka hanya nake nema masa, ya ƙara dannawa. Na hau kan tayar wata tanka ina ihu, ni kaina ban ji muryata ba. Kai da ka yi shekara biyu kana bin 'yar ƙas guda a cikin akwati don kada ta dami kunnen mutane, abu ɗaya ka taɓa roƙona, kuma na kasa.

Da na dawo, na tarar Inna ta naɗe maka kunnuwa da mayafinta, ta kafa bakinta a goshinka tana maimaita kalmar shahada. Ƙasimu ya ce ka amsa mata, ya ga leɓɓanka sun motsa. Na juya zan sake komawa wurin motocin. Inna ta kama bakin rigata.

Ta ce, "Isyaku, ƙyale su. Ba ya jin su yanzu."

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta rufe maka ido, ta gyara maka wuya, ta ce mu mayar da ɗanta gida. 'Yan dakon nan biyu suka sake kama benci, muka juyo ta hanyar da muka zo. Har muka sauka daga gadar ba a janye tirelar ba.

An sallace ka bayan la'asar. Mutanen kasuwa da suka ji labari suka bar rumfunansu. Malam Wali ya zo daga Utai, mahaifina ya zo tare da shi. Akwai tsofaffin da ban taɓa gani ba, kowa na tambaya sai ya ce ai rediyonsa kai ka ba shi.

Bayan an share makoki Ƙasimu ya buɗe rumfa don masu kaya su zo su ɗauki nasu. Na shiga tare da shi. Sabon allon yana kan teburi yadda ka bar shi, wayoyi ja da baƙi da kore sun miƙe ba a liƙa su ba, ƙarfen dalma a kan risho ya huce. Na ɗauki wata jar waya na juya ta, na duba inda za ta iya shiga, wurare sun fi biyar. Na mayar da ita yadda take. Babu wanda ka faɗa wa dabarar, domin ba ka gama tabbatar da ita ba, kuma kai ba ka faɗin abin da ba ka tabbatar ba. Mun aika wa gidan rediyon cewa ba za mu samu zuwa ba. Bilya yana ta lallashina in ɗauki jita ko a ɗaki ne. Na ce masa to. Har yanzu ban buɗe akwatinta ba.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko. Kowa ya san da ruwa ya sauka sanƙarau yake tafiya, kuma ga shi ya tafi, an daina jin sabon kamu. Manoma sun cika ofis suna neman iri da taki, ni kuma ina tsaye ina gaya musu su dakata a ƙara ruwa ɗaya kafin su shuka. Da aka fara yayyafin ina kan hanyar Indabo. Na tsayar da keke a gindin wata tsamiya na zauna, ina kallon ƙasa tana shan ruwan da, da ya zo da wuri kaɗan, wataƙila da kana rumfarka. Na san wannan tunanin ba shi da amfani. Kwana ya ƙare, ko da gada a buɗe take, ko da ruwa ya sauka tun watan jiya. Na sani, na yi imani. Zuciya ce ba ta da linzami.

Ya Allah, ga bawanka Sharhabilu ya zo gare Ka a ranar Juma'a, da kalmar shahada a bakinsa da hannun mahaifiyarsa a kansa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci. Duk kiran sallar da ya isa kunnen wani ta hanyar aikin hannunsa, Ka rubuta masa ladansa. Ka saka wa mai shayin nan da 'yan dakon nan biyu da alheri a duk inda suke, domin ko sunayensu ban tambaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lubabatu, Allah ya ba ki juriyar takaba da ta bayan takaba, ya raya miki yaran nan, ya sa su tashi da halin ubansu. Ga Ƙasimu, Allah ya ƙarfafa kafaɗarka, kaya ya dawo kanka. Ga mutanen Sabon Gari da Utai da Indabo da Wudil baki ɗaya, Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ke kuwa Inna, na zo gidan sau da yawa da niyyar in yi miki gaisuwa yadda ya kamata, kullum sai in durƙusa a bakin ɗakinki in kasa buɗe baki, ke ce ma kike ba ni haƙuri. Ki karɓi wannan a madadin abin da na kasa faɗa. Allah ya jiƙan Yaya Sharhabilu, ya haɗa ku a Aljannar Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.